Malama Tasalla Mai Ƙidayar Takalma

Assalamu alaikum 'yan uwa, mutanen wanga shafi nawa. Na ga saƙonninku. Wasu sun ce ko data ta ƙare wa Na'ima, kwana huɗu ba hoto ba surutu. Wata ma cewa ta yi ko maigidana Sufyanu ya ƙwace wayar. Bai ƙwace ba, tana hannuna. Yau akwai abin da zan faɗa wanda na shekara shida ban faɗa ba, ku dai bi ni a hankali har ƙasa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malama Tasalla Dabo rasuwa ranar Asabar, sha huɗu ga watan tara, 2024, a nan Illela. Da hantsi ta faɗi a tsakar gidanta tana shanya, anka ce hawan jini ne. Kafin azahar ta cika. Bayan la'asar anka kai ta.

Malama, har yau ban yi kuka ba. Ban san mi ya sa ba. Ina dafa abinci, ina wanka, ina amsa gaisuwa. In na buɗe waya sai in je wurin sunanki in duba, yana nan yadda kika bar shi, an gan ki ƙarshe ƙarfe tara da minti goma na safe. Sai in rufe, in jima in sake dubawa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, tsohuwar malamar firamare ce, ta yi shekara talatin da wani abu tana koyarwa. Da ta aje aiki ba ta zauna ba. Duk lokacin da masu bincike sunka zo daga birni don su ƙidaya yaran da ba su zuwa makaranta, ko marayu, ko masu lalura, ita ake nema ta shiga da su gidaje. Daga cikin gari har Lafani har Darna Sabon Gari, ba zauren da ba ta sani ba. Ta san yaron da anka haifa a Kwanni yana kwana Illela, ta san wanda ke riƙo wurin gwaggo a tsallaken boda, nan ba a rubuta shi ba can ba a rubuta shi ba.

Amma abin da anka fi sanin ta da shi takalma ne.

Kun san halinmu. Mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta ma nuna nata ne a gaban mutane. Kunya ce, da ita munka tashi. To sai ga baƙo da takarda ya ce, "Yaranki nawa?" Mai biyar sai ta ce huɗu. Ba ƙarya take nufi ba, bakin ne ba ya iyawa. Shi kuma baƙo ya rubuta huɗu ya wuce. A haka 'yan fari ke zubewa daga lissafi gida bayan gida, kuma wanda bai shiga takarda ba, ba benci ba littafi, ba wanda zai zo ya tambayi ina yake.

Ni ma haka na zube. Ina shekara tara, ƙannena uku duk an rubuta su, ni ina bayan ɗaki ina wanke-wanke. Ina ji mahaifiyata ta ce uku. Ban ji haushi ba, ban ma san akwai abin jin haushi ba. Sai na ji wata murya ta ce, "To Allah ya raya. Amma ni ƙananan takalma ƙafa huɗu nake gani bakin ƙofar nan. Wagga ja mai tsinkakken hanci, ta aljani ce?"

Kowa ya yi dariya, mahaifiyata ta rufe fuska da gyale. Ba ki matsa mata ba, Malama. Kika leƙa katanga kika tambayi maƙwabciya, ta ce Na'ima. Kika dawo kika tsaya gaban uwata kika ce, "Na'ima, shekara tara. In ba haka ba ne ki ɗaga kai." Ba ta ɗaga ba. Kika rubuta.

Haka kike yi ko'ina. Ke ke faɗin sunan, uwa ta yi shiru, shirun ya zama amsa. Ba ki taɓa ce wa wata mace kunyarta ƙauyanci ba ce.

Da wannan rubutun na shiga aji ɗaya, ina ƙatuwa cikin 'yan yara. Na kai aji biyu na ƙaramar sakandare na bari, kuma ba wanda ya cire ni, ni ce na ga kamar na gama wayewa. Kin yi wata uku ba ki amsa gaisuwata. Amma duk wanga rubutu da nake damun ku da shi dare da rana, daga takalmin nan ja ya fito.

Na tuna shekarar da anka kira ki taro a Sakkwato. Wasu masu bincike sun ga lissafinsu na unguwanninmu bai yi daidai da naki ba, naki ya fi yawa, sunka ce ki zo ki yi bayani. Kika ce musu tambayar ce ba ta da kyau. Kar a ce "yaranki nawa", a ce "yara nawa ke kwana gidan nan", kuma in da kaka a gidan ita za a tambaya. Sunka rubuta, sunka tafa miki. Kika dawo da jaka mai tambari da biro biyu. Na ce Malama an sa sunanki a rahoton? Kika ce, "An sa mana. Can ƙasa, wurin da ake gode wa direba." Kina dariya har da riƙe ciki. Jakar kuma kika mayar da ita ta zuwa cefane ranar Lahadi.

Yanzu ga abin da ya hana ni magana.

Ina da yara uku. Kun san biyu, Idi da Mahbuba, kun sha ganin hotonsu har kun gaji. Ta farin ba ku taɓa ganin ta a shafin nan ba. Wasunku ma ba su san da ita ba. Shekararta shida. Sunan uwar mijina anka sa mata, kun ga abin ya zama biyu ke nan, ga kunyar ɗiyar fari ga sunan suruka. Tun da anka yaye ta tana ɗakin Inna, wato uwar Sufyanu, gida ɗaya muke. Mutane na ce mata Ummi. Ni ko Ummin ban cewa, "ke" nake cewa, ko "ta Inna".

Tana shekara uku ta yi zazzaɓi mai zafi, tun daga nan kunnenta na hagu ba ya ji, na daman ma sai an ɗaga murya. Bara munka kai ta makaranta, sati biyu ta ƙi komawa, malami na magana ba ta san ana yi ba, yara na mata dariya.

Bana anka zo da wani sabon tsari. Wata ƙungiya daga birni ce ke rubuta yara masu lalurar ji da gani, za a duba su, a sa su aji wurin malamar da anka koya wa yadda ake tafiya da irinsu. Sai wanda ke cikin rajista. Ranar Alhamis da ta wuce masu rubutun sunka shigo gidanmu, 'yan mata biyu da kwamfutar hannu, sabbi ne, suna sauri. Ke kuma Malama, ranar kina Darna Sabon Gari da sauran masu rubutun. Inna ta shiga wanka, amma ƙannen Sufyanu mata biyu na zaune kan tabarma suna kallona.

Ɗayar ta ce, "Yaranki nawa?"

Na ce biyu.

"Akwai mai matsalar ji ko gani a cikinsu?"

Na ce babu.

Ta latsa, sunka fita. Takalmin yarinyar na bakin ƙofa, shuɗi, sunka tsallake shi.

Ni fa, Na'ima, da ke faɗa wa duniya abin da na ci da safe. Da la'asar na tura miki saƙon murya na faɗa miki abin da na yi. Amsarki na nan, daƙiƙa ashirin da bakwai. Na saurare ta ban san sau nawa ba.

"Ke ma, 'yar takalmi ja? Duk bakin nan naki ashe na waya ne. To kwantar da hankalinki. Ba a rufe ba sai Alhamis mai zuwa. Litinin in Allah ya kai mu zan biyo in faɗa miki sunan, ke dai ki sunkuyar da kai. Ki aje min kunun tsamiya, kar ki cika sukari."

Litinin ɗin ta zo, ina gidanki zaman makoki.

Na zauna cikin mata, ana ta shigowa ana fita. Can na lura idona na bakin ƙofa, ina ƙidaya takalman mutane. Na kai arba'in da wani abu na ɓace, na sake farawa. Naki na gefe guda wurin randa, baƙin roban nan da dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya. Ba wanda ya taɓa shi.

Ɗiyarki Safiyya ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Kin san wani abu, Na'ima? Ta rubuta sunan 'ya'yan mutane ba adadi, amma sunan Yaya Muhyiddeen, ɗanta na fari, bai taɓa fita bakinta ba. Har ta rasu 'wancan na Kwanni' take ce mishi." Munka ɗan yi murmushi. Wata tsohuwa daga Lafani ta ji, ta ce, "Jikokina uku ita ta tsamo su. Yanzu wa zai riƙa faɗa muna?"

Jiya Talata na wuni ina lissafin wanda zan tura. Sufyanu ya ɗauki fasinja zuwa Kwanni a kabu-kabunsa, kuma ko yana nan, shi ma ɗiyar farinsa ce, ga sunan uwarsa. Maƙwabciya ta ce za ta je, amma an ce sai uwa ko uba, tunda uwa ce ta ce babu tun farko.

Yau da safe na shiga ɗakin Inna na durƙusa. Yarinyar na zaune tana cin ɗumame. Na ce, "Inna, gobe za a rufe rajistar nan."

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Sun ce sai an faɗi sunan gaskiya, wanda anka raɗa."

Ta ce, "Da Tasalla na nan da ba mu kai ga haka ba." Ta jawo gyalenta ta yafa. "Tashi mu tahi. Sunan nawa ne, na ba ki aro. In kin faɗa ba ya raguwa."

Munka tafi mu uku a ƙasa, yarinyar a tsakiya. A makarantar unguwarmu an aje tebur ƙarƙashin dalbejiya, wani Malam Mukhtar ke karɓar gyara. Na ce na zo gyara ne, na ce biyu alhali uku ne. Bai yi mamaki ba. Ya ce tun Litinin ni ce ta bakwai, kuma da Malama na raye da ita za ta kawo su a takarda ɗaya.

Ya ce, "Sunan yarinya?"

Na waiga. Inna ta juya baya tana kallon masu wasan ƙwallo, kamar ba tare muke ba. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya jira. Na faɗa a hankali, ya ce bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, da irin muryar da nake kiran yarinyar in tana nesa.

Sai yarinyar ta ɗago kai ta dube ni. Ta kunnen dama ta ji. Ba ta taɓa jin shi a bakina ba.

Ya rubuta. An ce ranar Litinin mu kai ta a duba kunnen.

A hanyar dawowa munka biyo ta ƙofar gidanki, Malama, an naɗe tabarmin zaure. Na ɗauka a nan kukan zai zo. Bai zo ba. Na iso gida na dama kunun tsamiya, ban cika sukari ba, na ba yara.

Allah ya jiƙan ki, Malama Tasalla. Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sa duk yaron da kika tsamo ya zame miki haske. Yadda ba ki bari an manta da ɗan kowa ba, Allah kar ya bar ki a baya ranar da za a kira bayinsa na gari. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Malam Zaharaddini, da 'ya'yanta Muhyiddeen da Safiyya da Abdulmalik, da jikoki, da 'yan uwanta na nan da na Kwanni. Allah ya ba ku haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshe. Amin.

'Yan uwa, wanda Malama ta taɓa shiga gidansu, ya faɗa muna a ƙasa yadda anka yi, iyalanta na karantawa. Kuma in kin san kin ce biyu alhali uku ne, tebur na nan har gobe Alhamis da azahar. In bakinki ba zai iya ba ki kira ni, zan zo in faɗa, ke ki sunkuyar da kai.

Sunanta Hauwa'u Sufyanu. Shekararta shida. Ɗiyata ce, ta fari.