Na'urar da Suka Kulle wa Yaya Hamidu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Farfesa Hamidu, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma har yau in na tuna ɗakin na'urarsa raina ɓaci yake.

Mahaifinmu masunci ne a nan Gaya. Da ɓarin jikinsa ya shanye, hannun da ke jefa birgi ya koma kamar tsumma. Abin da ya tura Yaya karatun ƙwaƙwalwa ke nan, har ya zama malamin jami'a a ƙasar waje. Bincikensa a kan wata na'ura yake, wadda ake ɗorawa a ka, ta aika ƙarfin maganaɗisu ya zaburar da sashen da ya yi sanyi, ba wuƙa, ba jini. Bai taɓa kiranta maganin nan take ba. Cewa yake tana taimaka wa motsa jiki, in an yi haƙuri.

Ya ajiye kujerarsa can ya kawo na'urar gida Gaya, ya kafa ta a wani ɗaki. Na ga Jibo, wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, da hannunsa ya mutu, ya soma riƙe kofi bayan makonni ana ɗora masa ita. Matarsa har kuka ta yi. Sai wasu manya suka sa aka garƙame ɗakin, wai sai izini ya zo daga sama. Yaya ya yi ta zarya ofis-ofis, wannan ya tura shi wurin wancan. Damina ta shiga, rufi ya yi yoyo, na'ura ta lalace. Yatsun Jibo suka sake ƙagewa.

Dab da rasuwarsa ya ce mini: «Hadiza, ba na'urar nake ji ba. Mutanen da na ce su dawo gobe nake ji.»

Bana waɗancan manyan suka aiko neman hotonsa, za su rataya a zauren taro. Ihu bayan hari! Dangi suka ce in bar kaza cikin gashinta. Na hana hoton. Da yana raye, tambayarsu zai yi: masu shanyewar jiki nawa ake tsallaka gadar kan iyaka da su zuwa ƙetare neman magani.

Ɗalibansa na nan suna aikin a ƙasashen wasu. A Gaya kuwa abin da ya rage Jibo ne. Duk Juma'a yakan je kabarin Yaya, ya ɗaga hannu ɗaya ya yi masa addu'a.