Sawu a Kan Rairayin Mushe Anuhu

Kowace ranar aiki Mushe Anuhu (Mushe wato malam, daga Faransanci), malamin lakwal, makarantar boko, yakan fito da tsohon babur ɗinsa daga gidansa na Tsibiri tun masu ƙosai ba su ɗora kasko ba. Matarsa Batula ta ɗaure masa gorar kunu a baya, da jakar littattafai, wata rana har da doguwar tsintsiyar kaba. Ya ratsa Maraɗi cikin 'yan kabu-kabu masu tuƙi kamar an biyo su, ya bi ta gefen unguwar Zariya, ya miƙe Jiratawa inda yake koyarwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana cin wannan hanya, rani da damina. A watan nan ya ajiye alli, bayan shekara talatin da huɗu yana riƙe da shi.

Akwai wani a Zariya da ya fi mai babur ɗin sanin lokacin wucewarsa. Maman Lawali ne, mai sayar da yadi a kasuwa, mutumin da ba a taron biki ko na unguwa sai an miƙa masa lasifika. Da ya jiyo ƙarar babur ɗin sai ya duƙa yana ɗaurin takalmi har ya wuce. Tsohon ɗalibin Mushe ne, kuma shi ne sanadin wannan doguwar hanya. Kunya ta hana shi ko gaisuwa, ga malamin yana tsufa, ga shi kullum yana tsoron kada a wayi gari a ce babu shi alhali bai nemi gafara ba. Maman ne ya nemi a rubuta wannan, ya ce kuma kada a sakaya sunansa.

Duk wanda ya zauna ajin Mushe ya san aikin tsintsiyar nan. Yana da wani tsohon wasan kwaikwayo mai mugun ƙarshe, wanda ya gada daga nasa malamin. Labarin wani gari ne da yunwa ta kama, ba abin da ya saura sai rumbun iri. Mutum biyu suka tashi gaban jama'a. Mai rumbu ya ce kada a taɓa, saura wata biyu ruwa ya sauka, in an ci iri bana baɗi ba gonar da za a shuka. Ƙaninsa ya tashi da ƙwaryar wata yarinya a hannu, ya kife ta, ko tsaba ba ta faɗo ba. Gari ya bi ƙanin, aka fasa rumbu, aka kori mai rumbu daji ya mutu can. Ruwa ya zo a kan lokacinsa ya tarar da gonaki ba iri.

Ranar wasan, Mushe da kansa yake share filin lakwal har rairayi ya kwanta lumui. Ya tsayar da masu magana biyu, mai rumbu gabas, ƙanin yamma, yara a tsakiya. In mai rumbu ya gama, ya ce wanda ya gamsu ya je bayansa, sai yara su tafi kusan duka. In ƙanin ya gama, sai su kwaso da gudu su koma ɗaya gefen. A nan Mushe yake ɗaga hannu.

"Ku duba ƙasa," yakan ce. "Sawun wa ne wanga?"

Daga nan a zauna a fede maganganun biyu. Ba ya yarda a ce ƙanin maƙaryaci ne. Yunwar gaskiya ce, ƙwaryar ma gaskiya ce, shi ya sa maganarsa take shiga. Sai dai ya sa yara su nemo inda ƙanin ya amsa zancen shuka, su yi ta nema ba su samu ba, don bai amsa ba. Ya bar iri ya koma kan kumatun mai rumbu, yana tambayar me ya sa shi bai rame ba. Mai rumbun ma Mushe ba ya ƙyale shi. Yakan ce mutumin yana da gaskiya amma ya miƙa ta a bushe, yana lissafin watanni ga mutanen da ba su ci tun jiya ba, bai ko nuna musu cewa shi ma cikinsa yana kuka ba. Ɗaya yana magana da baɗi, ɗaya yana magana da cikin da ke ƙugi yanzu, kuma Mushe bai taɓa ɓoye wa yara wanda ya fi saurin jan ƙafa ba.

A shekararsu, Maman Lawali ne ya yi ƙanin. Ya yi shi har wasu 'yan mata suka yi hawaye. Mushe ya dafa kansa ya ce Allah ya ba shi baki, ya riƙa lura da inda yake kai mutane da shi.

Shekara ta yi ta juyawa. Maman ya zama magidanci, 'ya'yansa uku suna lakwal ɗin Tsibiri, shi ne kuma kakakin ƙungiyar iyaye. Yara sun yi yawa, rabinsu a azuzuwan zana suke karatu, iska ta shiga, ruwa ya shiga. Iyaye suka ce za su gina na ƙasa da hannunsu, su ɗebi ƙasar daga tudun da ke bayan lakwal. Mushe, wanda yake darakta a lokacin, ya ce a'a. Tudun nan shi yake kare ruwan da ke gangarowa zuwa gulbi, in an sare shi ruwa zai sami ƙofa. Ya ce a ɗauko ƙasa daga nesa da amalanke ko da aikin zai kai wata shekara.

Aka kira taro a filin. Mushe ya yi maganarsa a bushe, da zane a ƙasa da tsinke, kamar bai taɓa koyar da kuskuren mai rumbu ba. Duk da haka dattawa sun fara gyaɗa kai. Sai Maman ya tashi da littafin ɗiyarsa da ruwa ya jiƙa, ya ɗaga shi, takardun suna manne da juna. Bai ce komai a kan tudu ba. Ya san bai amsa ba, don an koya masa gane hakan. Da ya ga har yanzu wasu suna shakka, sai ya juya ya dubi malaminsa.

"Mushe na iya cewa a jira," ya ce. "Shi ba ya da ɗa ko guda cikin ajin zana. Mu ad da su."

Ɗiya ɗaya Allah ya ba Mushe da Batula, Ruhama, kuma sanƙarau ya ɗauke ta tana shekara tara. Kowa a filin ya sani. Maman kansa yana cikin waɗanda suka je gaisuwa. Sai mutane suka fara matsowa bayansa, ɗaya ɗaya, har Mushe ya saura shi kaɗai a gindin dogonyaro. Cikin mako guda aka rubuta takarda zuwa Maraɗi cewa darakta yana hana ci gaba, aka sa hannu, mai dangwale ya dangwala. Da aka dawo daga hutu aka mayar da shi Jiratawa a matsayin malamin aji. Abin kunyar ba na Maman kaɗai ba ne, da yawanmu muna filin nan.

Damina ta biyu ruwa ya shigo ta inda aka sare tudun, ya kwantar da sababbin azuzuwa uku. Allah ya sa lokacin hutu ne. Washegari mutane suka fito cike ramin, sai ga Mushe da shebur a kafaɗa. Jibo magini ya ce tun safe har la'asar suna gefe ɗaya, yana ta jiran ya ji an ce ai na gaya muku, bai ji ba. Abin da Mushe ya tambaya kawai shi ne ko an fitar da bencin yara. Maman ya hango shi ya koma can ƙarshen ramin, bayan wata guda kuma ya kwashe iyalinsa zuwa Zariya.

Kai ne, Mushe, aka kora da maganar da kai ka koyar da yadda ake gane ta, ba ka daina koyarwa ba. Kai ne ka ɗauki tsintsiyarka ka je ka share wani filin don 'ya'yan wasu. Matan Jiratawa sun shaida cewa ɗalibanka ne suke tashi a taron rabon ruwan lambu su ce, an ji, amma ba a amsa tambayar ba. Malam mai share fili, ba mu kyauta maka ba.

Ana saura kwana uku Mushe ya yi wasansa na ƙarshe, Maman ya ji ƙarar babur, ya duƙa yadda ya saba. Wannan karon babur ɗin ya tsaya.

"Maman," in ji Mushe, "duk shekarun ga takalmin bai ɗamru ba?"

Mai bakin nan da ake ba lasifika ya ɗago kai. Mushe bai jira amsa ba. Ya ce ranar Alhamis yana son babba ya hau wasan, Maman ya zo Jiratawa, shi zai yi mai rumbu.

Ya je. An share fili lumui. Ya zuba duk abin da Allah ya hore masa, ya sa wa maganar mai rumbu taushin da ba ta da shi, yara suka taru bayansa har ya fara jin daɗi. Sai wata ɗaliba mai suna Tahira ta tashi da ƙwarya, ta kife ta, ta nuna kumatunsa, waɗanda dama ba su da rama. Ya ji ƙafafu suna barin bayansa. Da ya waiga ba kowa. Ya san wasa ne, ya san yara ne, amma ya tuna wani ya yi wannan tsayuwa da gaske a gindin dogonyaro. Nan ya durƙusa gaban yaran, ya ba su labarin tudu, ya maimaita abin da ya faɗa a kan malaminsu bai rage ba.

Mushe ya tako a hankali ya ratsa filin, ya tsaya kusa da shi.

"Na yahe tun ran da munka cike ramin," ya ce. "Amma maganar Ruhama ta yi mini ciwo, ba ni ɓoye maka. Tashi."

Sannan ya juya ga yara ya ce su duba ƙasa. Sawu ya yi kaca-kaca zuwa yamma, ya shafe na farko, guda ɗaya ne kawai a kai, na tsohon takalmi, ya nufi gabas.

Mun gode, Mushe Anuhu. Allah ya ba ka hutu mai daɗi kai da Batula, ya saka maka da abin da mu muka kasa. Malamai masu tasowa su ɗauki tsintsiyar nan, kada ta tsaya a jingine. Sauranmu kuma, duk ranar da wani mai baki ya sa muka ji ƙafarmu tana motsi, mu tsaya mu tambaya ko ya amsa abin da aka tambaye shi. Mu da muka tsallaka filin Tsibiri ba wanda ya ce mu duba ƙasa a ranar, don mai faɗin hakan shi muka bari tsaye shi kaɗai.