Inda Mota Ke Shan Iska

A shekarar da aka mayar da ni aikin malamin gona a Kasuwan Garba na sayi motata ta farko, tsohuwa ce ƙwarai, amma ni a idona amarya ce. Duk Litinin nake barin Kontagora, in dawo ran Alhamis. Kowa ya san halin da hanyar nan take ciki da 'yan bindiga, Inna kuwa, mahaifiyata, ta fi kowa sani, don rediyo ba ya barin gefen tabarmarta.

Ranar da na kawo motar gida ta fito ta sa mata albarka, sannan ta rataya wata laya a jikin madubin gaba. Ni kuma lokacin ina tashen karatu, na halarci wa'azi uku na zama babban malami. Na cire layar na miƙa mata, na tsaya a tsakar gida na yi mata lacca har da ɗaga yatsa. Matar da ta koya min Fatiha! Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To, Malam, Allah ya ƙara sani." Na shige ɗaki ina jin na gyara duniya.

Bayan wata bakwai motar ta fara iskanci. In taka totur ta yi nishi kamar mai asma, mai kuwa tana shan sa kamar kunun azumi. Wata Alhamis a kan wani ɗan tudu da ko jaki ba zai lura da shi ba ta nemi ta mutu min, a daidai dajin da ba a tsayawa ko fitsari. Wallahi ranar na ji tsoro, har rigata ta jiƙe da gumi.

Ban yarda da kanikawa ba, don in ka kai musu mota da tari sai su ce a yi mata tiyata. Na kalli bidiyo a waya, wani Bature ya canza filtar iska cikin minti biyu yana murmushi. Na ce ashe abin da ake cin kuɗinmu a kai ke nan. Ran Asabar da hantsi na sayo sabuwa, na ɗaga bonet a ƙofar gida, na naɗe hannun riga yadda masu wucewa za su gani.

Maƙwabcinmu ya leƙo. Tsohon direban tirela ne, Bakambare, Kirista, Baba muke ce masa. Da ya ga inda hannuna ya nufa sai ya ce, "Malam, bar wannan wuri, kawo in duba maka filogi." Na ce, "Baba, zauna ka huta, zamani ya canza." Bai zauna ba, ya koma gefe yana sosa ƙeya.

Na ɓalle maƙallan akwatin da filtar ke ciki, na zaro tsohuwar filta, ta yi jawur da ƙasa. Na sa hannu in share ƙasan akwatin, sai na taɓo wani abu mai santsi. Na zata ɓera ne, na yi tsalle na buga kaina da bonet. Da na leƙa, laya ce ɗinke da jar fata. Na zaro ta, ga wata. Ga wata kuma. Guda shida na jera a kan batir, ta ƙarshen sai da na sa filaya, don ta cushe a bakin bututun da iska ke shigowa. Wannan kam Baturen bai faɗa a bidiyonsa ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na juya ga Baba, ya ɗaga hannu biyu. "Ni ban san abin da aka rubuta a ciki ba, ba addinina ba ne. Hajiyarka ce ta ce in buɗe mata. Tsohuwa ta roƙe ni, in ce a'a?"

Na kwashi layun na shiga gida, laccata ta biyu tana bakina. Inna tana tsince shinkafa a faifai. Na zube su a gabanta na ce, "Inna, kin san waɗannan sun kusa kashe min mota a tsakiyar daji?"

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "A daji?" Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haka ba. Can ta ce, "Ni ban san inji ba. Ka ce ba ka son ganinsu, sai na tambayi Baba ina ne motar take shan iska. Duk ranar da na ji an tare hanya sai in ƙara ɗaya, don in samu in yi barci."

Na koma waje na zura sabuwar filta, na rufe akwatin, minti biyu kamar yadda Baturen ya yi. Na tayar da mota ta ɗauka ras. Baba ya tafa min, ban ji daɗin tafin ba.

Ran Litinin na fito da jakata. Kunya ta sa na ce, "Inna, kawo ɗaya in sa ƙarƙashin kujera." Ta girgiza kai ta ce ba za ta sake sa wa motata komai ba, in tafi kawai, Allah ya tsare. Ta rako ni har zaure, layun shida a ƙulle a gefen zanenta.

Matata ce ta faɗa min daga baya cewa tun daga ranar, in na tafi Inna ba ta yin barcin kirki sai Alhamis, bayan ta ji ƙarar motata a ƙofar gida.