Namijin Dabinon da Na Sare

Ina da shekara ashirin da shida lokacin da na sauka Sabha, can ƙetaren hamada, a zamanin da kuɗin fetur ya sa mutum yakan wuce fili da safe, in ya dawo bayan mako biyu ya tarar an aza harsashin bene. Na fito daga jami'a a Yamai da takarda a hannu, na yi wata tara ina jiran a kira ni aiki, ba a kira ba, ni kuma zama wuri ɗaya bai taɓa karɓata ba. Sai na bi kamyon, wato babbar motar kaya, ta masu zuwa aikin gini, muka bi ta Agadas. Saboda ina da Faransanci da ɗan Larabci, wani kamfanin gine-gine ya ɗauke ni tafinta tsakanin injiniyoyi da leburori, waɗanda yawancinsu mutanenmu ne.

Na baro mata a gida, ba mu cika shekara da aure ba. Abin da ya hana ni ɗauko ta shi ne masauki. Leburori goma-goma suke kwana a ɗaki, iyayenta kuwa sun faɗa mini ƙarara cewa ba za ta taho ba sai na sami gida na mutunci, wanda akwai mata a cikinsa. Na daɗe ina yawo a unguwar Mahdiya kafin wani dattijo ya ba ni ɗaki biyu a bayan gidansa. Asalinsa mutumin Samnu ne, wani ƙauyen dabino da ba shi da nisa sosai, ya yi fatauci zuwa Damagaram da Kano tun ana tafiya da raƙuma, a can ya tsinci Hausarsa ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji. Ranar da ya miƙa mini mabuɗi ya ce, "Ustaz, zauna har sanyi ya wuce, ni duba hali. Hali ya yi kyau, mata ya zo." Wannan ke nan sharaɗin, ba a rubuta shi ko'ina ba, amma kullum da shi nake tashi.

Tsakanin ɗakunana da cikin gidan akwai lambu, ba babba ba, da rijiya mai injin famfo da tiyo. Yana da itacen rumman biyu, da inabi da aka ɗora a kan rumfa, da na'ana'a a gefen magudana, da dabino biyar. Dattijon ya ga yadda nake kai da komo da yamma kamar wanda ya yar da wani abu, sai ya yanka mini wani ɓangare a jikin katangar arewa, ya ce in shuka abin da nake so. Na ɗauki wannan ɓangare da zafi fiye da kima. Na ƙudura cewa ranar da matata za ta shigo gidan nan, za ta tarar da tumatir da albasa da alayyafo, kuɓewa da yakuwa kuma suna kan hanya, don kada ta ce na kawo ta ƙasar da ba a miya sai da gwangwani. Na yi fangali huɗu, na rushe su, na sake yi. Na sayo takin awaki, na auna tazara da igiya. Da asuba ina duba iri, da azahar ina dawowa daga shantiye, wato wurin gini, in sake dubawa, kamar dubawar ce za ta ja shi waje.

Da kaka ta yi, dabino huɗu suka cika da nonnan 'ya'ya har sai da aka tokare su. Na biyar, wanda ya fi su kauri da duhun zarɓa, ko ɗa ɗaya bai yi ba. Shi ne kuma yake tsaye kudu da fangalina. Da sanyi ya shigo, rana ta kwanta can ƙasa-ƙasa, inuwarsa ta rufe mini shuka tun daga hantsi har la'asar. Tumatir ya yi tsawo siriri, ganyensa ya koɗe, alayyafo ya tsaya cak.

Ana cikin haka aka ce dattijon zai tafi Tarabulus a yi masa aikin ido, zai kai mako shida. Ya nuna mini yadda ake tayar da injin, ya ce, "Lambu a hannunka. Yi abin da ya kamata."

Ina da taubashi a garin, ɗan kawuna, magini, ya girme ni da shekara biyar, ya kuma riga ni zuwa da shekara uku. Ran Juma'a yakan zo mu sha shayi, yana tsokanata da Mushe, wato malam da Faransanci. Ya tsaya ya dubi tumatir ɗina ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Mushe, wannan tumatir ne ko tsintsiya? Shekara nawa ka yi a jami'a?"

"Inuwa ce ta kashe shi," na ce. "Dubi wancan."

Ya ɗaga kai. "Wannan ƙaton me yake haifa?"

"Ba ya haifar komai. Namiji ne."

"To, ka sani ke nan, kana zaune? Bawana, a garinku in gwanda ta fito namiji me ake yi mata?"

"Sarewa ake yi. Kuma kai ne bawan, ka tambayi kawu."

"Kawun naka ya ce in riƙa yi maka tunani, tunda boko ya cinye naka. Wannan itace ci banza ne, yana shan ruwa yana tare rana. Tsohon nan ba shi da ƙarfin sarewa ne kawai. In ya dawo ya tarar ka rage masa aiki, har raƙumi zai aika a ɗauko amaryarka."

A nan ne nake tsayawa duk lokacin da na tuna wannan labari, domin ba zan iya fakewa da jahilci ba. Na san dabino yana da mace da namiji, na karanta. Abin da na yi shi ne na ɗauki abin da na karanta na ɗora shi a kan abin da na saba gani. A ƙauyenmu, kudu da Maraɗi, da zarar gwanda ta fitar da dogayen furannin nan ake sa mata adda, sauran kuma su ci gaba da haihuwa, iska da ƙudan zuma suna kawo abin da ake bukata daga wani wuri. Gero ma ba wanda yake taimaka masa. Na ce a raina dabino ma haka ne. Na iso gidan a tsakiyar zafi, ban taɓa ganin abin da ake yi masa a ƙarshen sanyi ba, kuma ban tambayi kowa ba, saboda ina tsoron a ba ni amsar da za ta sa in jira.

Juma'ar da ta biyo taubashina ya zo da gatari da zarto da igiya daga shantiye. Kututturen dabino ba kamar na sauran itace ba ne, zare-zare ne, yana cin bakin gatari. Muka yini a kai. Muka sare har 'ya'yan da suka tsiro a gindinsa, don wurin ya yi fes. Da ya faɗi, rana ta zubo a kan fangalina, na ji daɗin da har yau nake jin kunyarsa.

Kwana huɗu bayan haka taubashina ya same ni a bakin ofis, ba ya dariya. Ya ba da labarin a wurin cin abinci yana alfahari, sai wani lebura mutumin Bilma, wanda ya tashi a cikin dabino, ya ajiye cokali ya ce inna lillahi. Shi ya gaya musu cewa dabino da hannu ake yi masa barbara. Idan sanyi ya fara ja da baya, namiji yakan fitar da huda mai gari kamar na gero. Sai a yanko ta, a hau kowace mace, a cusa sili uku ko huɗu a cikin hudarta da ta buɗe, a ɗaure. In ba a yi ba a cikin 'yan kwanaki, 'ya'yan za su fito ƙanana, ba ƙwallo, ba za su nuna ba. Namiji guda yakan ishi lambu duka, mai kyau kuwa gadonsa ake yi.

"Mushe," in ji taubashina, "mun kashe ango."

Mako uku suka rage dattijon ya dawo, ban san yadda na yi su ba. Na bi Mahdiya lungu-lungu ina leƙen katanga ko zan ga wani namiji kusa, wanda iska za ta iya yi mini alfarma da shi. Inda aka ce da lambu a da, sai in tarar da bulo da tarin yashi, wasu ma kamfaninmu ne ya share su, da bakina aka gaya wa leburori inda za su fara. Na rubuta wa dattijon wasiƙa sau biyu na yage. Na yi tunanin in ce iska ce ta kayar da shi, alhali ga sawun zarto a kututture. Na fara neman wani ɗaki a ɓoye. Wasiƙar matata ta iso tana tambaya wane wata za ta shirya, na ajiye ban amsa ba. Tumatir kuwa ya murmure, ya yi kore shar, ya fara fure. Na daina iya kallonsa.

Dattijon ya dawo da auduga a ido ɗaya da baƙin tabarau. Na yi niyyar in tare shi a zaure in faɗa masa, amma baƙi suka cika gidan, na yi ta jinkiri har washegari da hantsi, lokacin da ya fito lambu yana dogara sanda. Ya yi taku kaɗan ya tsaya. Bai ga kututturen ba tukuna, rana ce ta taɓa masa fuska a inda ya saba samun inuwa. Ya ɗaga hannu ya kare goshinsa.

"Baba," na ce, "ni na sare shi. Ba iska ba ce, ba kowa ba ne. Yana tare mini rana."

Ya ƙarasa, ya durƙusa da ƙyar, ya shafa gindin yana laluben 'ya'yan. Babu ko ɗaya.

"Ubana ya ɗauko shi daga Samnu," ya ce. "A kan jaki."

Ya miƙe, ya koma ciki. Kwana biyu bai neme ni ba, ni kuma na ɗaure kayana. A rana ta uku ya aiko a kira ni. Na same shi a ƙarƙashin matan dabinon, ya nuna sama da sanda, inda huda biyu suka tsage.

"Ustaz, ka iya hawa?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"Za ka iya. Gobe ka tafi Samnu, wajen ɗan'uwana. Ka gaya masa da bakinka abin da ka yi, ka roƙi huda. Aikin da wancan yana yi, yanzu kai ne ka yi."

Na shiga tasi zuwa Samnu, na faɗi laifina a gaban mutane biyar da ban sani ba, cikin Larabcina na makaranta. Wani ya yi dariya, ɗan'uwan bai yi ba. Ya naɗe mini huda uku a takarda, ya nuna mini yadda ake juya silin kai ƙasa kafin a ɗaure da ganye. Hudar mace ba rana ɗaya take buɗewa ba, yau biyu, jibi ɗaya, saboda haka na yi kusan wata ina hawa kafin in tafi aiki, igiya a ƙugu, ƙaya tana tsaga mini hannu, dattijon yana ƙasa yana daka mini tsawa in na yi gaggawa. Sau uku na koma Samnu. Taubashina ya zo kallo sau ɗaya, ya ce bai taɓa ganin ango mai digiri ba, dattijon ya kore shi da sanda.

Ranar da na ɗaure huda ta ƙarshe na sauko, na tsaya ina cire ƙaya daga tafin hannu. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Rubuta takarda. Mata ya zo."

Ta zo kafin zafi ya tsananta. Ta tarar da tumatir ya nuna, kuɓewa ta fara tasowa, kuma ban taɓa noma kuɓewa mai kyan ta wannan fangali ba, kafin nan ko bayan nan. Shekara uku muka yi a gidan, kowace shekara ina zuwa Samnu ina hawa. Matata takan aika musu da miya cikin gida, matan su ci su yaba. Dattijon yakan tambaya daga ina kuɓewar take. In an ce ta kasuwa ce, ya ci. In an ce daga bayan gida ce, sai ya ce ya ƙoshi. Bai taɓa yi mini gori ba, gaisuwarmu ba ta ragu ba, shi ya yi wa ɗanmu na fari huɗuba. Amma har muka bar Sabha bai ɗanɗana abin da ya fito daga wannan wuri ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin halin da zan tambaye shi dalili ba, ban kuma daina shuka wurin ba.