Ranar da Yarinyar Gwaggo Ta Yi Ƙiwa

Ina cikin 'yan matan farko da suka shiga makarantar koyon malanta a Makka, lokacin ba a daɗe da buɗe wa mata makarantu ba. Muna da darasin rainon yara da zaman iyali. Wata Bamisriya ce ke koyar da mu, muna ce mata Abla. Ni dai dariya nake yi a raina. Yau kuma goyo ne sai an rubuta mana a allo? Ni da na tashi a unguwar Hindawiyya, bayana bai taɓa rabuwa da ƙanne ba!

Ran nan Abla ta ce idan jariri ya fara zama, ya ga baƙo ya tsandara kuka, kada a tsawata masa. Ƙiwa lafiya ce, in ji ta, alama ce yaro ya san uwarsa. Wanda ba ya ƙin kowa shi ne abin tsoro. Nan dariyata ta ɗauke, don akwai irinsa a gidanmu.

A hajjin da ya wuce mun sauki wata baƙuwa da ta biyo ta Sudan. Mijinta ya rasu a hanya, ga jaririya a hannu. Bayan an sauko daga Arfa zazzaɓi ya kayar da ita. A gindin randar tsakar gida take wuni saboda sanyin wurin, kuma nan ta cika. Gwaggo, yayar babana, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta ɗauki yarinyar ta goya, ba ta nemi shawarar kowa ba.

Yarinyar nan ba ta ƙin kowa. Duk wanda ya miƙo hannu sai ta tafi, kamar ƙunshin wanki. Amma ba ta kallon fuskar wanda ya riƙe ta, ko da Gwaggo ce. Ta saman kafaɗarka take leƙen gindin randa. Da azahar, in zafi ya kora kowa ɗaki, sai ka ji tana ƙyalƙyala dariya, ta miƙa hannu biyu inda babu kowa. Ga rama, koko ba ya shiga.

Tsofaffin unguwa suka ce uwarta ce ke kiranta, kuma ba za ta daɗe ba. Gwaggo ta ce su rufe mata baki, amma da idona na ga ta mirgina randar zuwa zaure. Bai hana komai ba. Yarinyar ta ci gaba da yi wa gurbin randar dariya.

Da rawar kaina na je na faɗa wa Gwaggo abin da Abla ta ce.

"Ke tafi can, ya binti, 'yar nan!" in ji Gwaggo. "Bamisriya ce za ta koya mini goyo?"

Amma daga ranar, ko wace maƙwabciya ta shigo sai ta ɗora mata yarinyar, ta koma gefe tana jiran kuka. Shiru. Wallahi tausayinta ya riƙa kama ni, na yi da-na-sanin buɗe bakina.

Wata Juma'a maza sun tafi Harami, gidan tsit, Gwaggo na lallaɓa ta ta sha koko. Sai yarinyar ta waiga gurbin randa. Na ga idonta yana bin wani abu a hankali, yana tahowa, yana yin sama, har ya tsaya dab da mu, daidai tsayin mutumin da ya sunkuyo. Ludayi ya faɗi daga hannun Gwaggo.

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Leɓenta ya karkace, ta tsandara kuka, ta cusa fuska a wuyan Gwaggo ta ƙanƙame ta.

Na zaci Gwaggo za ta rangaɗa guɗa. Sai ta rungume yarinyar, ta ɗaga kai ta dubi wurin, hawaye na zuba.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah," ta ce. "Ba ta gane ki ba ne."