Baƙin Dutsen Matan Tegidda

Mun tashi da asuba daga Agadas, ana sallame salla muna fita ta hanyar Ingal. Mu huɗu ne a kat-kat, motar daji ta likita: direba, wani ma'aikacin lafiya, tantina, sai ni a baya tsakanin kwalayen magani. Tantina ƙanwar mahaifiyata ce, ma'aikaciyar jinya. Lakwal, wato makarantarmu, na hutu, sai ta roƙi a ba ta aron ni don rubutuna yana da tsabta. Ta ce aikina kawai in riƙe kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, in rubuta suna da lamba. Na ji daɗi ƙwarai, don ni magana ce ke ba ni wuya. A gida har tsokanata ake yi, wai sai an biya kafin a ji muryata.

Tafiyar ta hawan jini ce, wanda mu nan muke cewa tansiyo. Tanti ta gaji da ganin mutanen daji da ake kawowa ɓarin jiki ya shanye, ko zuciya ta kumbura, alhali ba a taɓa ɗaura masu abin awo ba. Shi ya sa suke fita su same su a garuruwansu, su auna, su ba da magani, su koya wa mutum ɗaya a kowane gari, su bar masa na'urar.

Tun da sojoji suka karɓi mulki shingayen hanya suka ƙaru. A na farko wani soja ya daɗe yana juya takardunmu, fuska ba fara'a. Da ya gane aikinmu sai ya jingine bindiga, ya naɗe hannun riga, ya miƙo ta taga. Shi ne mutum na farko da na rubuta. Lambarsa lafiya lau, har ya ƙame mana.

Damina ta yi gardama bana. Inda ya kamata a ga ciyawa sai jar ƙasa da tsakuwa. Na ga gawar saniya har uku a gefen hanya, fata ta bushe a kan ƙashi kamar an shanya tabarma. A Ingal muka karya da dabino da gurasar toka. Mai shago ya ce gero ya kusan ninka kuɗinsa na bara. Da aka zo shayi, Tanti ta roƙi a rage sukari a kofi na uku, direba ya ce shi bai yi laifin da za a yi masa wannan hukunci ba.

Daga Ingal babu kwalta. Mun sha jijjiga har bayan azahar kafin muka hango tudun ƙasa na Tegidda-n-Tesum. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Ramuka ne birjik, zagaye-zagaye kamar an jera ƙorai a ƙasa, wani ruwansa ja, wani ruwan goro, wani fari fat. Maza suna jiƙa ƙasa mai gishiri a manyan ramuka, a kwashe ruwan a zuba a ƙanana, rana ta shanye shi, mata su kankare gishirin su cura. Raƙuma da shanu ake sayar wa galibinsa.

A motarmu akwai wani babban hoto na faɗakarwa, an zana tulin gishiri an soke shi da jan layi. Ma'aikacin lafiya ya fara warware shi, Tanti ta dafa hannunsa. Ta ce ba a shiga garin da gishiri ke ciyarwa da hoton da ya soke gishiri. Haka ya koma mota a naɗe.

A ƙarƙashin wata rumfa muka yi awo har la'asar sakaliya. Na lura yadda Tanti ke yi. Ba ta ɗaura na'urar sai ta tambayi mutum gida da dabbobi, ya huta, numfashinsa ya daidaita. Lambobin matan ramuka sun fi na kowa hawa. Wadda ta fi su duka ita ce shugabarsu, wata tsohuwa doguwa mai fararen tafin hannu, kowa na ce mata Inna. Lambarta sha tara, alhali ta mai lafiya ba ta cika wuce sha uku ba. Tanti ta bar ta ta zauna, ta sake aunawa, ba ta sauka ba. Nan muka ji cewa bara ƙanwar Inna ta faɗi a bakin rami, tun ranar hannu da ƙafa ba sa motsi, magana ma ta tafi. Inna ke juya ta, ita ke ba ta abinci. In ita ma ta kwanta, babu mai ɗaga ɗayarsu.

Tanti ta tambaye ta abinci. Inna ta ce su ba sa zuba gishiri a tukunya sai ɗan kaɗan, ruwan rijiyarsu ma da ɗanɗanonsa yake zuwa. Sauran matan suka gaskata ta, kuma tuwon da aka kawo mana da yamma ya shaida, miyar lami ce. Tanti ta dubi kwalayen magani. Tun da aka rufe iyakoki magani ya yi wuya, abin da ta zo da shi ba mai yawa ba ne. Ta ce mini ƙwaya kaɗai ba za ta riƙe wannan lamba ba, in ba a gano ta inda gishirin ke shiga ba.

Da safe, kafin mutane su taru, na bi Inna ramuka don in ga launukan da kyau. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba, abin da ya yi mini daidai. A rami na farko ta duƙa, ta ɗebi ruwan da ɗan tafinta, ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta haɗiye. Ta wuce na biyu ta yi haka. Da harshe take gane ramin da ya nuna da wanda za a ƙara wa ruwa. Na fara ja mata layi a bayan kaye, kowace kurɓa layi ɗaya. Kafin rana ta yi zafi na cika rabin shafi. Na ɗaga kai na ga duk matan haka suke yi. Su a wurinsu wannan aiki ne, shi ya sa da aka tambaye su abinci babu wadda ta tuna da shi.

Ban iya faɗa wa Tanti da baki ba, shafin na nuna mata. Ta dube shi, ta dube ni, ta tashi muka koma ramukan. Cikin ladabi ta roƙi Inna ta riƙa tofarwa in ta ɗanɗana. Fuskar Inna ta sauya.

"Ƴar nan, abin da ya rufa mana asiri tun kakanni ba ma tofar da shi a ƙasa."

Matan suka ajiye ƙoransu. Wata ta ce ashe likita ta zo ne ta raba su da sana'a, a shekarar da makiyaya ma ba sa saye. Tanti ta ce ba haka ba ne.

Ni kuwa wani abu ke ta yi mini yawo a kai. Na ce, "Inna, da azumi fa?"

Ba ta ji ba. Ta ce in ɗaga murya, ita ba ta jin maganar sauro. Na sake faɗa, na tambaya yadda suke gane ramin da ya nuna a watan azumi, tun da ba a kurɓa.

Inna ta dube ni, sai ta yi dariya har ta dafa gwiwa. Ta nufi gindin wata katanga, ta tona, ta fito da wani baƙin dutse mai faɗi kamar tafin hannu, ya yi sumul don daɗewa. Ta ɗiga masa ruwan rami, ta miƙa shi ga rana. Muna tsaye ɗigon ya bushe, ya bar farin zobe. Ta ce in zoben ya yi kauri ramin ya nuna, in ya yi siriri da saura. Kowace mace tana da nata, na uwarta ne ko na kakarta, ana binne shi bayan salla sai wata shekara. Tanti ta tambayi abin da ya sa ba a aiki da shi kullum. Inna ta ce harshe ya fi sauri.

Tanti ta ce, "Inna, dutsen nan ba ya da jijiya, ba ya da ƙanwa a kwance. Ki bar shi ya sha gishirin a madadinki."

Inna ta juya ta dubi ɗakin da ƙanwarta take. Sannan ta ƙulle dutsen a bakin mayafinta, ta ce wa matan, "To, ku je ku tono naku. Azumin rami ya kama, ba sai an ga wata ba."

Tanti ba ta yi mata alkawarin warkewa ba. Ta gaya mata dutse ba zai maye gurbin ƙwaya ba, za ta sha ɗaya kowace safiya, kuma kowace Juma'a ta je wurin matar da aka koya wa awo. Da za mu tafi Inna ta ba ni curin gishiri. Ta ce na awakin gidanmu ne, kada ta ji labarin na lasa.

Mun iso Agadas ana kiran magariba, hasumiyar babban masallaci ta yi ja da sauran rana. Ban san abin da lambar Inna za ta nuna ba in Tanti ta koma, Allah ya sa ta sauka. Abin da na koyo shi ne, mutane ba ƙarya suke yi wa likita ba, abin da aka tambaye su suke amsawa, sauran sai an bi su wurin aikinsu an gani. Na kuma ga mai ilimi da ta san lokacin da za ta bar hotonta a mota. Da na shiga gida na tarar da mahaifiyata a bakin murhu, tana ɗanɗana miya, ta ƙara gishiri, ta sake ɗanɗanawa. Na zauna kusa da ita, na buɗe kayena, na ja mata layin farko.