Kariyar Bakin Taga

Duk shekara idan sanyin Dubai ya shigo, mijina yakan tsaya a tsakiyar falo ya yi shela kamar mai unguwa: "Daga yau shi ke nan, kada wanda ya ƙara ba shukar nan ruwa. Kariya ba ta son a cika sonta." Mu biyu ne kaɗai a gidan, saboda haka na san da wa yake.

A wurin masu sayar da furanni da ke bayan unguwar International City ya gan ta, ya tsaya kamar ya ga ɗan garinsu. Irinta ce ke fitowa a tsakanin duwatsun ƙauyensu, mai ƙaton gindi kamar tulu, wadda sai ta zubar da ganye sannan ta yi jan fure a kan reshe tsirara. Gidanmu ba baranda, sai ya ajiye tukunyarta a bakin tagar falo, inda rana ke leƙowa da hantsi. Na sha yi masa tsiya. Nakan ce mutane na zuwa Dubai sayen gwal, shi ya ɗauko itacen da ko akuya ba ta ci.

A wurin aikinsa na Jebel Ali ya yanke jiki ya faɗi, farkon wani sanyi. A nan ƙasar aka binne shi. Na shiga takaba a hawa na uku, ba fita, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ya haƙuri. Na kwashe kayansa na rufe a akwati don ba na iya kallonsu. Kariyar ce kawai na bari a fili, ita kaɗai ce abinsa mai rai. Ta zubar da ganye, 'yan ƙullin fure sun fara fitowa. Na ƙudurta a raina sai na ga furen nan kafin in bar gidan.

Sai ƙaninsa ya kawo mini mahaifiyarsu daga gida don ta taya ni zama. Hajiya mace ce mai ƙarancin magana, kuma mijina ɗanta ne na fari. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "yaron nan" take cewa. Da ta shigo ba ta yi kuka ba. Ta dubi falon, ta tambayi alƙibla, ta tambayi shukar wa ce. Na ce tasa ce.

Hajiya ba ta alwala a banɗaki. Ta ce ba za ta ambaci sunan Allah a inda ake kama ruwa ba. Sai ta zauna a bakin ƙofar kicin da buta da roba, idan ta gama ta ɗauki robar ta juye a gindin kariya. A gida haka ake yi, ruwan alwala gindin zogale ko lalle yake tafiya, ƙasar tsakar gida ta shanye. Amma tukunya ba tsakar gida ba ce, ga sanyi, ga tagogi a rufe. Kuma kowace salla sai ta yi sabuwar alwala.

Raina ya yi ta ɓaci, amma wa ke gyara wa suruka? Sai na koma yin dabara a ɓoye. Idan ta kwanta da rana sai in karkata tukunyar in tsiyaye ruwan, in caccaka ƙasar da cokali, in kunna mata fanka. Na taɓa riga ta ɗaukar robar, na ce, "Hajiya, kawo in zubar miki." Ta ce, "Bar shi, 'yar nan, ƙafata ƙalau." Har ɗakina na mayar da tukunyar. Da azahar sai ga ta a bakin ƙofa da roba a hannu, tana sallama.

Ran da na latsa gindin na ji yatsana ya nutse kamar a dafaffen dankali, haƙurina ya ƙare. Tana tahowa da robar na tare ta.

"Hajiya, don Allah ki bari! Ruwan nan kashe ta yake yi. Shi da kansa ba ya ba ta ruwa da sanyi."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta tsaya da robar a hannu.

"Na san kariya, 'yar nan. A cikinta na tashi." Ta dubi tukunyar. "Ban ga inda aka sa yaron nan ba. Ban sani ba ko an yayyafa wa kabarin ruwa kamar yadda ake yi. Duk garin nan ban ga ƙasa ba sai wannan, kuma hannunsa ne ya zuba ta. To ina zan kai?"

Ni ma ban ga kabarin ba, mata ba ma bin gawa. Na dubi ƙullin furen, sun fara yin baƙi a baki. Da a ce an daina a ranar, da wataƙila ta tashi, wannan na sani sarai. Na matsa na ba ta hanya.

Kariya ba ta yi fure ba. Wata safiya na tarar ta kwanta a gefen tukunya, gindin ya ruɓe yana wari. Ni na cire ta na naɗe a leda, na yi kukan da ban yi ba tun zuwan Hajiya. Ita kuwa ta daddale ƙasar da tafin hannunta har ta yi sumul.

Da la'asar ta juye ruwanta a kan ƙasar da babu komai a ciki, ta miƙo mini robar da buta. Na zauna a bakin ƙofar kicin na yi tawa alwalar, na ɗauka na bi bayanta.